Ranar da Ɗana Ya Daina Kuka

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta da abin da ya faru a unguwarmu ta Hindawiyya, shekarar da Faransa ta sa aka yi ƙuri'a a ƙasarmu: a ci gaba da zama da ita, wato "i", ko a karɓi 'yanci nan take, wato "a'a". Mu muna Makka, ko akwatin ba mu gani ba, amma wallahi mun fi masu jefawar ɗaukar zafi.

Lokacin ɗana yana wata uku, zazzaɓi ya ƙafar mini da nono. Wata Ba'adara mai goyo, 'yar ƙasarmu, ita ce ke shayar mini da shi. Katanga ɗaya ta raba mu, amma ƙofarta na wani lungun, sai an zagayo ta bakin titi. Dangin mijinta 'yan "a'a" ne, na maigidana 'yan "i".

Da rediyon mai gahawa ya ce "i" ta ci, unguwa ta rabu biyu. 'Yan "a'a" su ce an sayar da ƙasa, 'yan "i" su ce an so jefa ta cikin yunwa. Ana haka labari ya zo cewa an ƙone gidajen 'yan "a'a" a garin su Ba'adarar, ƙanenta ya rasu a ciki. Washegari samari suka cika titi da duwatsu. Maigida ya danna sakata, ya ce ba shiga ba fita.

Tun hantsi yaro ke tsala kuka. Na ɗiga masa zamzam, na jiƙa dabino, duk ya tofar. Zuwa azahar murya ta dushe, baki kawai yake buɗewa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da wane ido zan nemi matar da ke makoki, alhali ana cewa mutanenmu ne suka yi?

Sai aka buga ƙofa. Maigida ya rarumi taɓarya, shi da ko kaza ba ya iya yankawa.

"Malam, iftah, buɗe, ni ce."

Ba'adarar ce ta shigo da 'yarta a baya, idanu sun kumbura, goshi na jini.

Na ce, "Yaya, cikin wannan jifa? Ga kuma rashin da aka yi miki…"

"Halas, bar zancen, miƙo min shi. Tun safe nike jin kukanshi ta katanga, ina daurewa. Da ya yi shiru ne na kasa zama."

Ta zauna a tabarma, yaro ya kama, yana sha yana ajiyar zuciya, hawayenta na ɗiga a kansa. Maigida ya jingine taɓarya, ya durƙusa zai yi mata ta'aziyya.

Ta ce, "Bari, Malam. Shi wannan mi ya sani?"

Daga ranar na koyi cewa duk yadda aka ɓata, kada a ɗora wa mutum laifin da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Ita aka yi wa rashi, kuma ita ce ta koya mana.