Sai Ta Huce Ake Kashe Ta

Wata rana wata baiwar Allah, Uwani, tana dawowa daga Zariya zuwa gida Funtuwa. Babban ɗanta Nafi'u ke jan ta a motar marigayi babansa.

Ta riga ta yanke shawara. Washegari mai saye zai zo ya ɗauki motar, ta huta da ganinta a ƙofar gida.

Tun farko ba ta son motar nan.

Mijinta, Malam Sa'idu, a gindin wata bishiya ya same ta a garejin wani bakanike, tayoyi a sace, kaji sun mayar da ita gida. Da ya yi ritaya sai ya duƙufa a kanta. Yau fenti, gobe kujeru, jibi ya tafi Kano neman wani ɗan ƙarfe.

Har ta tashi.

Tsohuwa ce, amma mai turbo, wato abin nan da ke ƙara wa inji ƙarfi. In ya taka totur sai ta ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan ta yi fito ta zabura. Uwani ta riƙe kujera tana salati, shi kuma yana dariya kamar yaro.

Amma ba gudun ne ya fi ba ta haushi ba.

In sun iso gida, Malam ba ya kashe mota. Ya ce turbo yana ɗaukar zafi, in ka kashe nan take sai ya lalace. Dole a bar injin a kunne ya huce.

Kullum sai ya ce, "Uwani, ɗan zauna mana, sai ta huce."

Kullum sai ta ce, "Malam, kai da tsohuwarka ku huce. Ni tuwo na jira na."

Kuma gaskiyarta. Gida cike yake. Ga yara, ga jikoki, ga surukarta kwance ba lafiya, ga baƙi daga ƙauye ba sa yankewa. Hankalinta kullum yana kan abin da ta bari a ciki. Ko an rufe gas? Ko an ba tsohuwa magani?

Akwai ranar da ya ɗauko ta daga gidan suna, shi kuma daga asibiti yake. Ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Yau kam zauna, akwai magana."

Ta ce, "In ka shigo ma yi."

Da ya shigo ya tarar da baƙi a tsakar gida. Maganar ba a yi ta ba. Sai da ciwo ya kwantar da shi ta ji daga bakin likita, kuma bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

To, ranar da nake ba ku labari, Nafi'u ya tsaya a ƙofar gida. Ta kai hannu za ta buɗe ƙofa, ya ce, "Mama, ɗan dakata, sai ta huce."

Muryar babansa sak. Sai ta mayar da hannunta.

Ba su jima ba ya murɗa makulli ya kashe.

Ta dube shi. "Har ta huce? Ai babanku yakan daɗe, har in gama kwashe tuwo yana nan."

Nafi'u ya sunkuyar da kai.

"Ita motar ɗan lokaci kaɗan take so, Mama. Sauran lokacin ke yake jira, ko za ki dawo."



Ya ce, "Na taɓa tambayarsa. Ya ce a duk gidan nan, nan ne kaɗai zai zauna da ke babu mai sallama."

Uwani ta dubi ƙofar zaure ta gilashin gaba. Daga nan ana ganin duk mai fitowa. Ashe nan yake zuba ido.

Ta dafa kujerar da take kai, wadda ya sa aka ɗinka mata sabuwa, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ce ta yi kyau ba.

Ba ta yi kuka ba sai da ta shiga ɗaki.

Da safe ta ce wa Nafi'u ya ba mai saye haƙuri, an fasa.

Yanzu duk inda suka dawo, takan zauna har motar ta huce. Nafi'u ya kashe, ya shiga gida, ita tana nan. In jikoki suka leƙo suna cewa tuwo zai ƙone, sai ta ce su sauke, tana zuwa.

Darasi: 'Yan'uwana mata, na san aiki ba ya ƙarewa, ni ma hankalina kullum a rabe yake. Amma in naki ya ce ki ɗan zauna, ki zauna. Tuwo in ya ƙone a tuƙa wani. Mutum in ya tafi ya tafi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ki tura wa wadda kika sani mai saurin sauka daga mota.