Kaftin Hudaifa da Sunayen Ranar Juma'a

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab na shekarar 1445, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kaftin Hudaifa, mai koyar da ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ta Tandabawi a nan Makka, yana da shekara saba'in da takwas. An sallace shi a Harami bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa. Ni ne Wada, golansa na farko. Shekara goma sha tara ban yi masa magana ba. Yau zan yi.

Kaftin, shekara arba'in da tara ka yi da usur a wuya. Ɗanka Nawaf ya ce ya gani a waya, wai a Amurka akwai masu koyar da ƙwallon jami'o'insu, wadda ake rungumewa a ƙirji a gudu da ita, da suka yi irin wannan daɗewa, har an jera sunayensu. Ni ban yi makaranta ba, ban san su ba. Na dai ce ya duba mini ko an rubuta sunan wanda ya tsaya a bayan kowannensu yana jira. Ya ce babu. Dama na sani.

Alherinka zan fara faɗa, don ba na cin hakkin mamaci. Mu goma sha ɗaya muka fara, kai kana koyarwa kana kuma buga tsakiya, a wani fili bayan gidaje da ka kwashe duwatsunsa da hannunka. Ba ka taɓa tambayar ɗan wasa iƙama, takardar izinin zama, ba. Wanda iyayensa suka zo ta Sudan jiya da wanda aka haifi kakansa a nan, riga ɗaya kake ba su. Shekarar da na karya wuyan hannu a raga, kai ka karɓi kekena na ɗaukar marasa ƙarfi kana tura alhazai tsakanin Safa da Marwa wata biyu cur, gidana bai rasa tuwo ba, kuma ba ka taɓa tada maganar ba. Mutanen da ka raba da zaman banza a unguwar nan, Allah kaɗai Ya san yawansu.

To amma ka yi mini alkawari. A gaban mutane ka ce ranar da ka cika shekara talatin kana koyarwa za ka cire usur ka rataya mini. Na daina wasa, na zauna mataimakinka, ina zana layin fili, ina ɗinke raga, ina jira. Da ranar ta zo na sa sabuwar jallabiya. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Ya Wada, kai gola ne. Gola ta baya yake ganin fili." Aka yi dariya. Nan take na rantse da Allah ƙafata ba za ta sake taka filin ƙungiyar nan ba har in mutu. Ko da aka rushe gefenmu na unguwa kuka koma fili a Kudai bayan tashar bas, ban je ba. Da matata Shatu ta rasu, ka zo ka sa kafaɗa a makara gefe da ni, muka kai ta, muka dawo. Ba ka ce mini komai ba, ni ma ban ce ba.

Wanda bai san ƙungiyarmu ba sai an yi masa bayanin al'adarka. Kowace Juma'a bayan la'asar, kafin a taɓa ƙwallo, kana jera 'yan wasa ka kira sunayensu da ka, ba takarda. Kowa ya amsa "hadir", wato yana nan. Daga ƙarshe sai ka kira mu, goma sha ɗayan farko. Wanda ya rasu ba a cire shi. Wani da ya taɓa buga wasa tare da shi ne zai amsa masa, a yi masa addu'a. In aka yi Juma'a uku babu mai amsa wa mamaci, sunansa ya fita ke nan. Mai rai kuwa ba a amsa masa, ko ɗan'uwansa ne. Tara daga cikinmu sun tafi, kai kake kiransu, kai kake amsa musu. Ni kuma kana kirana duk mako, a yi shiru, ka wuce.

Juma'ar da ta gabaci rasuwarka, barci ya ɗauke ni bayan la'asar, abin da ba na yi. Na farka maƙogwarona a bushe kamar na yi ihu. Ba a jima ba Nawaf ya buga ƙofa. Da na buɗe sai ya ja da baya, ya ƙura mini ido, ya ce gaisuwa kawai ya zo yi, ya tafi ko shayi bai sha ba.

Sai a wurin zaman makoki ya gaya mini dalili. Ya durƙusa kusa da kujerata, ya kira ni baffansa da Larabci, ya ce, "Ammi Wada, wallahi ranar nan da Baba ya kira sunanka an amsa." Na ce wane marar kunya ne? Ya ce, "Babu kowa a raga. Daga can muryar ta fito, mu talatin muka ji, kuma muryarka ce." Ya ce kai Kaftin ka tsaya ka daɗe kana kallon ragar, sannan ka ce masa ya je ya duba ko na cika. Da ya dawo ya ce ina nan da raina, sai ka gyaɗa kai ka ce, "To, ba shi ake nufi ba." Kwana huɗu ka ƙara.

Na san matattu ba sa dawowa, na san mai rai ba ya zama wuri biyu. Liman ya ce in yi ta'awwuzi in bar zancen, bas-bas ne ke ƙugi a tasha kunne ya yi ƙarya. Na yi ta'awwuzin. Amma kunne talatin?

Abin da Nawaf ya zo nema a fili yake. Sunaye goma ne yanzu, naka a ciki, kuma duk duniya babu wanda ya buga wasa da ku da ya rage sai ni. Ya roƙe ni. Na ce na yi rantsuwa. Juma'a ta farko ta wuce, aka kira ku aka yi shiru. Ta biyu ma haka. Hajiya Safara'u, matarka, ta aiko mini da magana ɗaya: "Malam Wada, shi ya ɓata maka. Sauran taran fa, me suka yi?"

Ranar Alhamis na ciyar da miskinai goma kaffarar rantsuwata. Ranar Juma'a na hau bas zuwa Kudai. Layin filin a karkace yake, wanda ke zana shi bai iya ba. Na tsallaka. Ban shiga sahu ba, na wuce raga na tsaya inda na saba. Rana ta yi sanyi, inuwar turakun ta miƙe har tsakiyar fili. Nawaf ya fara kira, ina amsawa, ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan naka muryarsa ta karye, ni tawa ba ta karye ba. Na ce hadir.

Sai ya ce, "Wada gola." Kowa ya juyo. Na ji bayan wuyana ya yi sanyi, kamar akwai wanda ya ja numfashi a bayana zai yi magana. Ban waiwaya ba. Na yi sauri na amsa da ƙarfi, don kada a riga ni.

Usur kuwa yana wuyan ɗanka. Ba ka kyauta mini ba, Kaftin, kuma ba zan ce ka kyauta ba don ka mutu. Amma na yafe maka, duniya da lahira, kai ma ina fata ka yafe mini kafin ka tafi. Duk Juma'ar da Allah Ya bar ni da numfashi, sunanka ba zai faɗi ƙasa ba.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya yalwata kabarinka, Ya sa haske a cikinsa, Ya haɗa ka da 'yan'uwanmu tara a Aljanna Firdausi. Hajiya Safara'u, Nawaf, 'yar'uwarsa Manar da sauran iyali, da duk wanda ya taɓa sa rigar ƙungiyar nan, Allah Ya ba mu haƙuri. Ni kuma in tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani. Amin.