Yatsan da Wayar Inna Ta Yarda da Shi

Shekarar da Inna ta zo wurina a garin Tawa jinyar gwiwa ce ƙanena ya aiko mata da waya daga Abijan. Wani abokin ciraninsa da ya dawo gida noma ne ya kawo ta har lakwal ɗin da nake koyarwa, a naɗe cikin tsohuwar riga. Irin mai shafawa ce, ba maɓalli ko ɗaya a fuskarta. Kafin nan wayar Inna ƴar ƙarama ce mai tocila, ta ɗaure ta da roba don kada murfin baya ya faɗi, kuma abu biyu ta sani a jikinta: kore a ɗauka, ja a kashe.

Ranar farko na koya mata saƙon murya. Ki danna nan, ki riƙe, ki yi magana, ki saki. Sau uku tana gaisawa da ƙanena, tana tambayarsa aiki da ruwa da mutanen da suke ɗaki ɗaya, sai mu duba mu ga ba ta riƙe ba, maganar duk ta tafi a iska. A na huɗu ta shiga. Da amsarsa ta zo, Inna ta saurara, ta ce in maido ta, ta sake saurara. Sannan ta ajiye wayar a cinya.

"Ke wagga," ta ce, don ni ce ƴar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. "In na koma Kalfu, duk wanda ya ɗauki abin ga zai ji mi muka ce ni da ɗana?"

Na ce haka ne, sai in an sa mata kulle. Gidanmu na Kalfu gidan yawa ne, matan ƴan uwana da surukai da baƙi, waya kuwa a kan tabarma take wuni.

"To a sa," in ji ta.

Na fara da lambobi. Inna ba ta yi boko ba, shida da tara duk ɗaya suke a idonta. Sai na ce mu gwada yatsa, tunda wayar tana gane zanen yatsan mai ita. Ta ɗora babban yatsa, wayar ta yi ɗan motsi ta ƙi. Ta ɗora manuni, ta ƙi. Na goge gilashin, na goge mata hannu, muka sake, ba abin da ya canza. Inna ta buɗe tafinta tana dubawa. Na ga abin ya taɓa ta, sai na ce wataƙila wayar ce ta samu matsala a hanya.

Asabar da safe muka ɗauki adaidaita zuwa kasuwa saboda gwiwarta. Mai gyaran da nake kai wa tawa wayar dattijo ne mutumin Damagaram. A da rediyo yake gyarawa, da rediyo ta ja baya ya koma waya. Ya ba Inna kujerarsa, shi ya zauna a kan akwati, ya saurari bayanina har ƙarshe. Sannan ya roƙi Inna ta nuna masa hannu.

"Hajiya, wayarki lafiyarta ƙalau," ya ce. "Taɓarya ce da hauya suka cinye zanen. Kullum ina ganin haka wurin magina da masu wanki. Hannun da ya yi aiki ne. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

Suka bi na dama duka biyar, ba wanda ya shiga. Suka koma hagu. Sai da aka zo kan ɗan ƙaramin yatsa, na can ƙarshe, zanen ya fara cika a fuskar wayar kaɗan kaɗan har ya rufe. Inna ta ɗaga yatsan tana kallonsa.

"Kai ne, malalaci? Duk shekarun ga ƴan uwanka na wahala kana zaune, yau kai aka sani?"

Mai gyara ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Mai sayar da cazar da ke rumfar kusa ya leƙo ya tambayi abin da ya faru, aka ba shi labari, shi ma ya kama.

Da dariya ta lafa, dattijon ya ce akwai sauran abu guda. Ranar da aka sa lalle ko hannu ya jiƙe, yatsa yana iya ƙi, don haka sai an yi wa wayar hanya ta biyu. Ya cire lambobin da na sa, ya nuna mata ɗigo tara, uku uku, ya ce ta ja layi tsakaninsu yadda take so, amma ta riƙe shi a kai.

"Kamar gurbin dara," in ji Inna.

"Haka nan. Kuma kada ki nuna wa kowa. Wanda duk ya kira ki ya ce ki faɗa masa wani abu na cikin wayarki, ko ya ce daga kamfani yake, kada ki faɗa."

Inna ta ja mayafinta ta lulluɓe kanta da wayar gaba ɗaya. Muna tsaye muna kallon mayafi yana motsi. Da ta fito na ce ta nuna mini, ko da za ta manta.

"Ba ki ji mi malam ya ce ba?" ta amsa. Har yau ban san abin da ta zana ba.

Bayan wata guda gwiwa ta yi sauƙi, ta koma Kalfu. Tana kai wayar caji wurin mai shagon da ke da sola, kuma rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa a bayan rumbu, don haka yawancin saƙonninta da kukan awaki suke zuwa. Takan ba ni labarin wanda ya haihu, da wanda ya dawo daga Libiya, da yadda gero ya yi a gonar gabas.

Wata rana da hantsi, lokacin hutun ƙarfe goma, saƙonta ya shigo mai tsawo. Wai wani ya kira ta da murya mai daɗi, ya ce an zaɓe ta za a ba ta kyauta, ta karanto masa lambobin da suka shigo wayarta yanzu. Inna ta ce ta gaishe shi, ta tambayi iyayensa da garinsu da ko an yi ruwa wajensu. Ya amsa a gaggauce, ya koma kan lambobi. Ta ce masa ita ba ta karatu. Ya ce ta ba wani ya karanta. Ta ce wayar ba ta buɗuwa a hannun kowa sai nata. Ya ce to ta buɗe ta miƙa. Sai ta tambaye shi ko mahaifiyarsa ta san irin aikin da yake yi. Nan ya kashe.

Ina zaune a ɗakin malamai na saki dariya, har abokiyar aikina ta ce in sa mata ta ji. Muka saurara tare. A ƙarshen saƙon Inna ta ce ta tara matan gidan ta gaya musu, ta kuma aika an gaya wa maƙwabta, don ta ji muryarsa ba ta wanda zai daina ba ce. Sannan ta ce in motar Lahadi za ta zo in saka mata sabulu da ɗan kanwa, kuma in daina barin yara suna fita ba takalmi.