Darar da Na Sa a Talabijin

A shekarun da kuɗin mai ke yawo a ƙasar nan, gwamnati ta tura mu karatu Ingila, mu da yawa. Da na dawo aka ba ni aikin koyar da lissafi a wata sakandare a Kazaure. Lokacin Jigawa ba a ma yi mafarkinta ba, muna ƙarƙashin Kano. Cikin kayan da na zo da su akwai wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tiren shayi girma ba. Ba ta da allon kanta, sai an jona ta da talabijin. Abin da ka rubuta mata kuwa a kaset ake adana shi, irin kaset ɗin waƙa, kuma idan ka sa shi a rikoda ba ka jin komai sai ƙara kamar ta gyare.

Na yi aure bayan dawowata. A damina ta biyu matata ta haihu, zazzaɓi ya kama ta, ba ta kai ranar suna ba. Mahaifiyata, Inna, ta ɗauki jaririyar ta tafi da ita gidanmu na Roni. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, ina amsawa yadda ake amsawa. Ban yi kuka ba, ban kuma ji ina danne wani kuka ba. Da aka share makoki na koma aji na ci gaba daga inda na tsaya a darasi.

Inna ba ta yarda a bar ni ni kaɗai ba, sai ta sa ƙanin mahaifina, Baffa, ya baro gonarsa a Gwiwa a hannun 'ya'yansa ya zo ya zauna da ni. Baffa mutum ne mai son dara. Kullum bayan la'asar yakan haƙa gurabensa talatin a ƙofar gida, ya karkarya kara, ya tsinto duwatsu, ya jira wanda zai zo. Ni ba na yi da shi. Ina dai zaune ina kallo: kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wanda ya jera uku a layi ya cinye ɗan abokin wasansa ɗaya.

Wata rana na shiga ɗaki na kunna kwamfutar, na zana gurabe talatin a fuskar talabijin. Ba zan ce ga dalili ba. Hannuna ne yake neman abin yi. Na sa 'ya'yan gefe ɗaya ja, ɗaya gefen shuɗi. Daga nan na koya mata dokokin wasan, sannan na koya mata ta riƙa duba abin da zai biyo baya kafin ta motsa. Wannan ya ɗauke ni har kaka ta wuce. Baffa yakan zauna a bakin ƙofa yana faɗa mini inda zan kai masa ɗansa, ni ina danna madannai.

"Yanzu me take jira?" ya tambaye ni.

"Tunani take yi, Baffa."

"To bari in yi alwala kafin ta gama."

Yakan dawo ya tarar ta motsa. Wani lokacin ya cinye ta, wani lokacin ta cinye shi, sai ya yi dariya ya juyo ya dube ni ko zan taya shi. Nakan gyaɗa kai kawai.

Labari ya kai Babura ta bakin wani ɗalibina. Mahaifinsa Alhaji ne mai fataucin atamfa da rediyo tsakanin nan da Nijar, aljihunsa ɗaya naira ɗaya sefa. Ranar wata Asabar sai ga shi a ƙofar gidana da mota, yaransa suna sauke kwali biyu. Bayan mun gaisa ya yi mini ta'aziyya, ya nemi a nuna masa darar. Ya kalla har aka gama wasa ɗaya, sannan ya sa aka buɗe kwalayen. A na farko akwai kwamfuta mai madannai kamar tawa, ya ce a tsallaken iyaka ya saye ta hannun wani Bafaranshe da zai koma gida. A na biyu akwai wata baƙar na'ura da ya sayo wa 'ya'yansa a Makka, ba madannai, sai 'yan sanduna biyu da ake riƙewa a hannu.

"Malam, so nake ka sa mini darar nan a dukkansu," ya ce. "In ta yi, mu buga kaset da yawa, in sayar nan in sayar can. Mutanen Nijar ai sun fi mu son dara."

"Ranka ya daɗe, ba lalle ta karɓa ba."

"Haba Malam, kaset ai kaset ne. Waƙar da na saya a Kano ba ta ƙi rikodar Damagaram ba."

Ban yi musu ba. Na jona ta Bafaranshen, na sa kaset ɗina, muka zauna muna sauraron ƙarar har ta ƙare. Fuskar talabijin ba ta nuna komai ba. Na yi masa bayani cewa kowace na'ura da yaren da take ji, abin da aka rubuta wa wannan sai an sake rubuta wa waccan tun daga farko. Ya ce to in sake. Na ce to. Da ya ce in kai kayan kasuwa in sayar ma, ina jin da "to" zan ce.

Littafin na'urar da Faransanci yake, sai na ari ƙamus wurin malamin Faransanci na makarantarmu. Madannanta ma ba a jere suke kamar na tawa ba, inda yatsana ya saba samun wani harafi sai ya sami wani, na yi makonni ina rubutu ina gogewa. Umarnin da nake zana da'ira da shi a tawa, ita ba ta san shi ba, sai da na gina kowane gurbi ɗigo-ɗigo. Da na gama zanen na kunna, sai hoton ya fito ba launi. Ashe tsarin talabijin na Nijar daban yake da namu. Ja da shuɗi duk suka zama toka-toka, ba ka gane ɗanka da na abokin wasanka. Na cire launin gaba ɗaya, na mai da gefe ɗaya 'yan layuka kamar kara, ɗayan dunƙulallu kamar dutse.

Babbar matsalar ƙwaƙwalwa ce. Ta na'urar Bafaranshen ba ta kai ta tawa ba. Da na zuba mata dokoki da zane, wurin da ya rage bai isa tunanin da na koya wa ta farko ba. Na dinga yankewa. Na rage nisan abin da take hangowa, na sake ragewa, har ta koma ba ta ganin komai sai motsin da ke gabanta. Wata ranar Lahadi na wuni ina wannan aikin ban adana a kaset ba, ana kiran la'asar aka ɗauke wuta. Baffa ya yi salati. Ni na zauna ina kallon baƙar fuskar talabijin na ɗan lokaci, sannan na tashi na yi salla, na ci tuwon da aka aiko daga maƙwabta. Washegari na soma daga inda kaset ya tsaya.

Ranakun Juma'a nakan hau babur in je Roni. Yarinyar ta fara zama, daga baya ta fara rarrafe. Inna takan ɗora mini ita a cinya, in riƙe ta da kyau kada ta faɗi, kamar yadda mutum zai riƙe wa wata mata ɗanta a cikin mota. Wata Juma'a Inna ta karɓe ta ta goya, ta tsaya a kaina.

"Baffanka ya ce wuni kake yi gaban akwatin nan."

"Aiki aka ba ni, Inna."

"Kana cin abinci?"

"Ina ci."

"Kana barci?"

"Ina yi."

Ta gyara goyon. "Da ka ce mini ba ka yi, da hankalina ya fi kwanciya," ta ce, ta shige madafi.

Ana cikin haka Alhaji ya zo duba aiki tare da wani abokin kasuwancinsa daga tsallake. Mutumin ya kalli wasa ɗaya ya ce wannan ba darar garinsu ba ce, su a wurinsu akwai jerin da ba a yarda mutum ya yi ba, mu kuwa mun bari. Shi da Baffa suka yi ta gardama cikin raha, kowa yana cewa tasa ce ta asali. Alhaji ya yanke hukunci: a sa duka biyu, mai wasa ya zaɓa. Na ce babu wuri. Ya ce in nemo. Abin da ya rage da zan iya cirewa shi ne 'yar ƙarar da take yi idan an ci ɗa, sai na cire ta. Wasan ya koma shiru.

Baƙar na'urar Makka kuwa ko farawa ban yi ba. Wasanninta a cikin wasu ƙananan akwatuna suke zuwa, a cusa ta sama. Na kai ɗaya wurin mai gyaran rediyo a kasuwar Kazaure muka kwance shi. Ba zare a ciki, ba abin da ke juyawa, sai wani ɗan baƙin abu kamar ƙwaro mai ƙafafu da yawa, a manne. A masana'anta ake zuba masa wasan sau ɗaya, shi ke nan. Na gaya wa Alhaji babu ƙofar da zan shiga. Ya ce ko a Kano? Na ce ko a Ikko.

Da zafi ya shigo na gama ta Bafaranshen, na ɗaure ta a bayan babur na kai Babura. Alhaji ya tara dattawa a zaurensa, aka tayar da janareta, aka jona. Wasan ya tashi lafiya. Wani tsoho ya zauna yana nuna mini da sanda inda zan kai masa ɗansa. Ya cinye ta, aka sake ya cinye ta, ko wahala bai sha ba. Ya ce a gaishe ta, amma jikansa ya fi ta. Aka yi dariya. 'Ya'yan Alhaji kuwa suna tsaye a bakin ƙofa da baƙar na'urarsu a hannu, jira suke a tashi su jona wasansu na harbin jirage.

Bayan an watse muka rage ni da shi. Ya tambaye ni kaset nawa za a fara bugawa. Na ce kafin nan, mutum nawa ya sani masu irin wannan na'urar, nan ko can? Ya soma lissafi. Ya ambaci wani likita, sannan ya tuna ta likitan wata iri ce daban. Ya ambaci wani jami'in kwastan, shi ma ba irinta ba ce.

"Kana nufin kowanne sai an sake rubuta masa tasa?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ashe ni kaɗai ka yi wa wahalar nan! Me ya sa ba ka faɗa tun farko ba?"

Na ce ban yi tunanin abin ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya ba ni turmin shadda da buhun shinkafa, ya sa direbansa ya biyo ni da su. A hanya na tsaya a wata rugar Fulani na sayi nono na sha a tsaye. Na tuna sanyinsa a maƙogwarona, amma ban tuna na ji daɗin gama aikin ba, ko takaicin yadda ya ƙare.

Ba a daɗe ba abubuwa suka juya. Kuɗin mai ya ja baya, albashi ya soma makara, aka rufe iyaka, kasuwar Alhaji ta tsaya. Ɗansa ya gaya mini a makaranta cewa janareta ya ƙona ta Bafaranshen. Baffa ya koma gonarsa da damina ta faɗi. Ni kuma aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata sabuwar makaranta a ƙasar Gwiwa, inda ko turken wuta ba a kafa ba. Talabijin ɗin na bar wa maƙwabcina. Kwamfutar da kaset-kaset ɗinta na sa a kwali na ɗaure da igiya.

Ranar tashi, direban a-kori-kura yana loda kaya ya ɗaga kwalin ya jijjiga.

"Malam, mai fashewa ne?"

"A'a."

Ya tura shi can ƙurya, ya ɗora katifa da buhun gero a kai, muka kama hanya.