Hayar da Tamar ke biya da citta

Tamar Kumai ta shigo Kafanchan a watan Fabrairu na 1998, da akwatin ƙarfe ɗaya, da tukwane uku, da 'yarta Miriyam mai shekara shida. Mijinta ya rasu kafin Kirsimeti, ƙannensa sun raba gidan ƙauye ba da ita ba. Na riƙe watan ne domin ni na rubuta takardar hayarta.

Mai gidan, Baba Zamani, dattijo ne a ikilisiyarmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Gidansa na haya yana unguwar Takau, bayan nawa: ɗakuna shida a jere, ginin ƙasa, rufin kwano, rijiya a ƙarshen layi. Ya ba Tamar ɗakuna biyu na kusa da rijiyar. Ba ta da albashi. Abin da take da shi gona ce da mahaifinta ya bar mata a bayan gari, da hannun da ya san citta.

"Ki riƙa kawo mini buhu huɗu duk Disamba," in ji Baba Zamani, "an tsaga, an busar. Naira ta ishe ni. Fanshona na wata ba ya kai ni sati biyu."

Aka kira ni, domin a lokacin ina koyarwa a firamare, mutane kuma suna son rubutuna. A makarantar mishan an koya mana cewa takarda ba ta da amfani sai ta rufe kowace ƙofar gardama. Saboda haka na rubuta: buhu huɗu na busasshiyar citta a shekara, ba kuɗinta ba. Na ɗauki rula na ja layi a ƙarƙashin kalmomi ukun ƙarshe. Baba Zamani ya sa hannu, Tamar ta dangwala yatsa. Na koma gida ina ganin na yi aiki mai kyau.

Shekara ashirin da biyar tana biya. Wanda bai ga Takau a watan Disamba na wancan zamani ba, bai san warin citta ba. Mata a zaune a tsakar gida da ƙananan wuƙaƙe, suna tsagawa suna waƙar zumuntar matan ikilisiya, an baza cittar a kan buhuna har bakin hanya, mai wucewa sai ya yi atishawa. Tamar ba ta waƙa in tana aiki. Ta fi kowa sauri, yatsunta duk zanen wuƙa. Ranar biya ita da kanta take ɗinke bakin buhunan. Baba Zamani bai taɓa ɗora su a sikeli ba. Yakan ɗaga kunnen buhu ɗaya ya ce, "Wannan ya karya mini baya, kai shi ɗaki." Shekarun da farashin citta ya faɗi, shi ne da asara, bai taɓa ƙorafi ba. Da wannan gonar Tamar ta kai Miriyam sakandare, ta aurar da ita a Manchok.

Baba Zamani ya rasu a 2021. Gidan ya koma hannun ɗansa Christopher, mai shagon kayan gini a Sabon Tasha. Yaron kirki ne a iya sanina, na koyar da shi a aji huɗu. Bayan an share makoki ya zo ya durƙusa a ƙofar Tamar.

"Mama, mu bar wannan harka ta buhu. Ki riƙa biyan kuɗi kamar sauran, zan ba ki rasit."

Kuɗin da ya faɗa ya ɗan fi buhu huɗu a farashin wannan shekarar. Tamar ta shiga ɗaki, ta fito da takardar daga cikin Littafi Mai Tsarki.

"Ni da babanka muka yi. Ga hannunsa, ga na Malam. Ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba za ka canza masa magana?"

"Shi ke nan, Mama. Yadda aka rubuta."

Ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, ya miƙa mata.

A damunar 2023 ciwo ya shiga citta. Ganye ya fara rawaya a watan Yuli, in ka tona sai ruɓa da wari. Ba gonarta kaɗai ba, duk ƙasar nan ne. Tamar ba ta cika kwano ɗaya ba. Shekarar da ta biyo, iri ya gagare ta, ta shuka masara. Buhun citta kuwa ya yi tashin da ban taɓa gani ba tun da nake, har ɗaya ya fi hayar ɗakunan biyu ta shekara guda.

Christopher ya zo a watan Janairu na 2025. Wannan karon bai durƙusa ba, ya zauna a bakin rijiya. Tamar ta aika aka kira ni. Ta riga ta ƙulle kuɗin masara a leda, daidai abin da sauran masu haya suka biya na shekara biyu. Bai taɓa ledar ba.

"Mama, buhu takwas nake bi."

"Kiris, a ina zan samo citta? Ka je gonar ka gani."

"Akwai a kasuwa."

"Ka san kuɗinta?"

"Na sani." Ya nuno mini hoton takardar a wayarsa. "Malam, kai ka ja layin nan, ko ba kai ba? Karanta mata."

Na ce masa babansa ba haka yake nufi ba. Ya ce a aji huɗu na koya musu cewa abin da ke kan takarda shi ake bi. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Da zai tafi ya tsaya ya daɗe yana kallon rufin.

Sai daga baya muka ji cewa wani ya taya filin, yana so ya gina shaguna. Sauran masu hayar na wata-wata ne, sun karɓi notis sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Dattawan ikilisiya sun kira Christopher sau biyu, ya ce kasuwa ta riƙe shi. Na kai Tamar wurin Mildred, lauya ce 'yar ikilisiyarmu. Ta karanta takardar. Ta ce bashin wata magana ce, za a yi ta a gaban alƙali. Amma ko da bashi, mai gida ba shi da iko ya fitar da mai haya da hannunsa. Sai ya ba da notis a rubuce, sai kotu ta yi umarni. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe na aika wa Christopher.

Ya kira ni a waya. "Malam, wa ya ce zan kori Mama? Kwanon ya tsufa. Gyara zan yi. Ko doka ta hana mutum gyara gidan ubansa?"

Ranar Litinin ta biyu a watan Maris kafintoci biyu suka zo da tsani. Suka kware rufin ɗakin farko, na bakin hanya, suka jera kwanon a ƙasa, suka tafi. Ba a kawo sabo ba. Litinin ta gaba suka kware na biyu. Suna gaida Tamar da ladabi, har ta ba su ruwan sha.

"Mama, ba mu ba ne fa," in ji babban. "Aiki aka ba mu."

"Na sani. Sati nawa ya rage ku zo kaina?"

Ya duba layin ya ƙirga. "Biyu, bayan wannan."

Mildred ta shigar da ƙara. Ta nemi a dakatar da aikin, aka ce a dawo ranar sha bakwai ga Yuni. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ruwa ba ya jiran Yuni. Tun farkon Afrilu hadari ke taruwa a kan dutsen Kagoro da yamma, ya yi baƙi, ya watse.

Miriyam ta zo daga Manchok sau biyu don ta tafi da ita, Tamar ta ƙi. Ta ce in ta fita da ƙafarta, ta yarda ke nan ita mai cin bashi ce. Ranar bakwai ga Afrilu aka kware falonta. Ta janye kujeru da buhunan masara zuwa ɗakin kwana. Wannan ɗakin ba su taɓa shi ba. Christopher ya ce a bar wa Mama wurin kwanciya.

Ruwan farko ya sauka ranar Alhamis da rana, kusan awa biyu. Ya cika ɗakuna biyar da ba su da rufi, ya tsaya a ciki. Bangon da ya raba falonta da ɗakin kwana na ƙasa ne. Da safe na je na tarar ya jiƙe har tsayin gwiwa, tsaga ta taso daga ƙasa, yatsana biyu suna shiga. Na nuna mata. Ta sa tafin hannu a bangon ta danna, ƙasa ta biyo hannunta.

"Zai kai Yuni, Malam?"

Na ce mata ba zai kai ruwa na uku ba.

Ranar Asabar mijin Miriyam ya kawo a-kori-kura. Tamar ta ƙi ba kowa makulli. Ta kulle ɗakin kwanan da kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zani, ta ce a gaya wa lauya ba tashi ta yi ba, ziyara ta je wurin 'yarta. Bangon ya faɗi ranar Laraba da yamma, ya ja rufin ya kwanta a inda gadonta yake a da.