Saiwar Hajiya Tabawa, Wadda Ba A Sha Mutum Ɗaya

Ku da kuka san Hajiya Tabawa ta unguwar Aston a Birmingham, kun san kafin sallamarta ta iso, ƙanshin jakarta ya riga ta. Saiwar sasfarila ce a ciki, jajaja, a ɗaure da zare. Maƙwabciyarta Mis Pal, tsohuwa 'yar Jamaika, ita ta koya mata dafa ta don ciwon gaɓoɓi da ƙaiƙayin fata. Tun daga ranar, duniya ba ta huta ba.

Ba ta zubar da saiwa. In ta tafasa, sai ta tsame ta shanya a kan hita, gobe ta mayar tukunya. Surukarta ta ce, "Umma, sau shida ke nan, ai ta mutu." Ta ce, "Saiwa ba ta mutuwa, 'yar nan. Suma take yi."

Ɗanta Kabiru kuwa GP ne, wato likita. Ya ce shi ba ya shan abin da ba a rubuta ba. Ana nan ana nan, ranar Sallah ya kurɓi zoɓo a gaban baƙi, ya ce, "Kai! Zoɓon Umma ba irinsa a Birmingham." Ta gyara mayafi ta ce, "Sannu likita. Shekara guda kana kan magani."

Sau ɗaya dai ta sha kaye. Ta jefa saiwar a miyar kuka, miya ta taso da kumfa kamar an zuba sabulu. Jikoki suna ihu, "Grandma, no!" Ita kaɗai ta cinye kwanonta, hawaye na zuba, tana cewa, "Ba ku san daɗi ba."

To, ga tawa. Shekarar da Malam maigidana ya rasu, na gama takaba amma ban fito ba. Ina flat ɗin ɗana a unguwar Withington ta Manchester, su fita aiki, ni in zauna ina kallon ruwan sama. Gwiwa ta riƙe, abinci ya fita raina, ina ta ramewa. Sai ga Hajiya ta hawo bas tun daga Birmingham, da jakarta.

"Yaya Hauwa, haka kika koma? To ga saiwa. Amma da sharaɗi. Ba a shan ta mutum ɗaya. In kika sha ke kaɗai, ciwon zuciya take zama."

Na ce, "Ni da wa zan sha?"

"Ba mutane a layinku? Aljanu ne?"

Tsoro ya sa na ɗauki flas na ja ƙafa zuwa gidan Maman Rifkatu, mutuniyar Jos, gida huɗu tsakaninmu. Ta kurɓa, ta yatsine fuska, ta ce, "Mama, gobe ki kawo, ni zan sa citta da zuma." Gobe ta zama jibi. Kafin bazara mu biyar ne, har wurin shaƙatawa muke takawa.

Da Allah Ya yi wa Hajiya rasuwa, ranar ta'aziyya na ga Mis Pal a zaune tana share hawaye. Na sa jikata ta yi mini tafinta, na gode mata da saiwa, da sharaɗinta ma. Tsohuwa ta zaro ido. Wane sharaɗi? Ita tun tana budurwa take shan abinta ita kaɗai a kicin!

Jama'a, a gidan makoki na yi dariya har na shaƙe. Daga nan kuka ya zo.

Da za mu tafi, surukarta ta miƙo mini ƙulli daga jakar nan. Wai Hajiya ta ce na Yaya Hauwa ne. Na kawo shi Manchester na tafasa. Na san gaskiya yanzu, amma wallahi kofin ya ƙi zuwa bakina. Sai da na sa takalmi na buga ƙofar Maman Rifkatu.

Allah Ya jiƙan Tabawa, Ya yafe mata wannan ƙarya guda. Yadda ba ta bar ni ni kaɗai ba, ya Allah, kada Ka bar ta ita kaɗai a kabarinta. Amin.