Duwatsun Sodnom

Duk wanda ya ce muku Yanjin ta zautu ranar da ta taɓa duwatsun kan hawa, ku tambaye shi ko yana wurin. Ni ina wurin. Ni ne Damdin, ƙanin mijinta marigayi Sodnom, kuma shekara arba'in ke nan ina shan shayinta mai gishiri, ina shan faɗanta.

Tun tana budurwa, zamanin da dabbobi duk na gwamnati ne, ita ke tuƙa motar madara a yankinmu. Maza sun yi dariya har suka gaji suka koma roƙon ta rage musu hanya. Ta auri yayana, suka haifi ɗa guda, Gantogoo. Kowace kaka sai su tsallake Hawan Baƙin Dutse da tumaki zuwa kwarin da iska ba ta kai wa, su dawo da bazara. Da raƙuma suka fara. Daga baya suka sami ɗaki mai taya, na ƙarfe, da murhu da gado a ciki, Sodnom yana jan sa da tsohuwar tarakta.

Bara Sodnom ya rasu, taraktar ma ta bi shi ba a yi wata biyu ba. Damina ta yi rowa, ciyawar wajenmu ba ta kai tsawon yatsa ba. In tumakin nan ɗari uku ba su tsallake ba, hunturu zai cinye su, wannan ko yaro ya sani.

Sai ga Gantogoo daga Ulaanbaatar, babban birninmu, da takalmin da bai taɓa taka kashin tunkiya ba.

"Inna, ya isa haka," ya ce. "Shekarunki sittin da uku. Sayar da su ki zo, mun gyara miki ɗaki a bene, hawa na tara."

"In yi kiwon me a can? Tantabaru?"

"In kin faɗi a dajin nan wa zai ɗaga ki? Baba Damdin da ko sirdinsa da ƙyar yake ɗagawa?"

Ji min ɗan banza! Ni da na koya masa hawan doki. Amma tsoro ne a idonsa, na gani, uba ya tafi, ba ya son uwa ta bi. Suka yi ta ja har shayi ya huce, aka tsaya a kan magana ɗaya: in ɗakin ya tsallake hawan bana, ya sakar mata mara. In bai tsallake ba, ta sayar ta bi shi birni.

Muka tafi kasuwar motoci a garin Uliastai. Gantogoo ya nufi wata farar mota mai sheƙi, kujerunta ma ɗumi suke yi da kansu. Dillalin, wani mai haƙorin zinariya, ya dafa ta kamar ɗiyarsa.

"Iya, wannan ƙarfin dawakai ɗari biyu ne a cikinta. Hawan nan naku, kafin ki gama tauna cuku ta haye."

"Hawa ba ruwana da shi, ɗan nan. Ya take a gangara?"

"Gangara ai ko tulu ya iya."

"Tulun ya tsaya inda aka ce ya tsaya?"

Ba ta jira amsa ba. Ta tattare rigarta ta kwanta a ƙasa, ta shige ƙarƙashin motar, ƙafafunta kawai ake gani. Ta fito tana kaɗe ƙura. "Ba ta da ƙashin baya. A jikin gwangwani za ku ɗaura min ƙugiyar jan ɗaki?" Ta wuce can ƙarshen fili inda wata tsohuwar a-kori-kura ke tsaye, launin toka, ƙofa ɗaya da waya aka ɗaure ta. Ta leƙa ƙarƙashi, ta ga sandunan ƙarfe biyu tun daga gaba har baya. Ta shiga ta gwada ƙaramar giya, ta taka birki sau goma tana kasa kunne.

Ta sa aka kai duka biyun sikelin da ake auna motocin ulu. Ashe tun kafin mu zo ta riga ta sa an auna ɗakinta da komai a ciki. Farar motar ko kusa da nauyin ɗakin ba ta yi ba. A-kori-kurar ta ɗara shi, amma da kaɗan.

"Inna, mutane za su ce na bar uwata a cikin wannan akwalar."

"Su ce. Abin da ya fi ka nauyi, a gangara shi ke tuƙa ka. Ubana a kan gangara yake gwada bijimin amalanke, ban taɓa ganin ya gwada shi a hawa ba."

A-kori-kurar muka saya. Ranar tashi ta yayyafa wa tayoyi madara, ta loda ciyawa a bayan motar, ta zauna a sitiyari. Gantogoo ya zauna gefenta yana cika yana batsewa. Ni na kora tumaki a kan doki. Motar ta haye tana gurnani, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Muna kaiwa ƙololuwa da hantsi, sai dusar ƙanƙara ta fara, siririya, irin mai santsin nan.

Yanjin ta ɗan gangara taku ashirin ta taɓa birki. Na ga bayan motar ya zame gefe, ɗakin ya tunkuɗo ta, suka tanƙware kamar gwiwa. Ta tsayar da ƙyar. Ciyawa ba ta da nauyi, tayoyin baya ba su da abin da zai danne su, ga rami a hagu wanda ba a ganin ƙasansa.

Gantogoo ya fito daga motar. "Shi ke nan, Inna. Kin gwada. Ba wanda zai ce ba ki gwada ba."

Ba ta ko dube shi ba. Ta koma sama da ƙafa, wajen oboo, tsibin duwatsun nan mai shuɗin ƙyalle inda kowane matafiyi ke zagayawa sau uku ya ƙara dutse uku. Ƙarawa ake yi. Tun da aka haife ni ban ji wanda ya rage ko tsakuwa ba. Ta zagaya sau uku, ta zuba madara, sannan ta sunkuya ta rungumo dutse kamar kan rago.

"Yaya!" na daka mata tsawa. "Ajiye! So kike aljanin da ke da dutsen nan ya shafe mu har jikoki?"

"Rufa min baki, Damdin. Shekara arba'in yayanka yana wucewa nan, tafiya da dawowa, uku-uku. Kuma ka san shi da son a gani, bai taɓa ɗaukar ƙarami ba. A gefen gabas yake zubawa, ga su nan. Nasa nake ɗiba, ban taɓa na kowa ba." Ta ɗaga kai ta dubi ƙyallen da iska ke kaɗawa. "Aro ne. Da bazara zan dawo da su. In laifi ne, a kaina, ban da ɗana, ban da tumakina."

Ta kai dutsen mota, ta dawo ta ɗauki wani. A na biyar numfashinta ya fara sarƙewa, ta durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ta miƙe. Ni dai na kasa motsi, kuma har yau ina jin kunyar wannan. Gantogoo ne ya tuɓe kwat ɗinsa na birni ya jefar a kan dusar ƙanƙara. Yana kuka yana ɗiba. Ta nuna masa inda zai jera su, daidai saman tayoyin baya, rabi dama rabi hagu, yadda ake daidaita kayan raƙumi.

Da bayan motar ya zauna sosai, ta ce wa Gantogoo ya bi ta a ƙasa.

"Tare za mu gangara," ya ce, ya shige gaban motar.

"Ɗa ɗaya gare ni. Sauka."

Ta sa ƙaramar giya ta gangara a hankali, tafiyar da tsohuwa mai sanda za ta wuce ta. Ɗakin ya biyo ta a miƙe, bai ƙara yi mata gardama ba. Kafin mu iso ƙasa da tumaki, hayaƙi na fita ta bututun murhu. Ta miƙa wa Gantogoo kwanon shayi.

"Ɗakin nan na hawa na tara, ka ce wa matarka ta zuba kayan sanyi a ciki."

Da bazara ta mayar da duwatsun, ni na taya ta saukewa, a gefen gabas. Da muka gama na ga wani guda ɗaya a kan kujerar gaba, kusa da ta direba, an naɗe shi da tsohon rawanin wuyan yayana. Na kai hannu, ta doke min shi.

"Wannan ba ya sauka," ta ce, ta tayar da mota.